Bugu huɗu kan tazarar da ba ta kai gaɓar yatsa ba: ina adalci a dokokin ƙwallon lambu?

Mushe na Zariya:
Assalamu alaikum mutanen wannan zaure. Na san a nan Maraɗi in ba kokowa ba sai balo, amma yau ku yi haƙuri, maganar ƙwallon lambu na kawo, wato golf. Na jima ina kallonsa a tele da dare bayan na gama gyaran takardun yara. Jiya a fada wani ƙanena ya nuna mana wani tsohon bidiyo a waya, muka kama gardama har shayi ya huce, kuma na kwana abin yana cin raina.

Ga wanda bai san wasan ba: rami 18 ake zagayawa a rana, babbar gasa kwana huɗu ce, wanda ya gama da bugu mafi ƙaranci shi ya ci. Saboda haka tara a wannan wasa ita ce a ƙara maka bugun da ba ka yi ba.

A watan Afrilu na 2017, a gasar mata ta ANA Inspiration a Kalifoniya, wata Ba'amurkiya mai suna Lexi Thompson tana kan gaba a rana ta ƙarshe. Ta gama rami na 12 tana tafiya zuwa na 13, sai ga alƙaliyar wasa ta tare ta, ta ce an ci ta tarar bugu huɗu. Laifin kuma ba na ranar ba ne, na jiya ne. A rami na 17 ta sa alama ta ɗaga ƙwallonta, da za ta mayar sai ta ajiye ta gefe kaɗan, tazarar da ba ta kai gaɓar yatsa ba. Ba alƙali ne ya gani ba, ba abokiyar wasanta ba ce. Wani ne yana zaune a ɗakinsa ya gani a tele, ya aika saƙon imel. Bugu biyu na ajiye ƙwallo ba a gurbinta ba, biyu na sa hannu a katin maki marar daidai, alhali lokacin da ta sa hannun ba wanda ya ce mata ta yi laifi. Yarinyar nan tana buga ƙwallo tana share hawaye da bayan hannu, duk da haka ta kamo, aka je bugun raba gardama, Ryu So-yeon ta Koriya ta Kudu ta cinye.

Ni ban yarda wannan adalci ne ba. Hukunci ya kamata ya bi girman ribar da mutum ya ci, ya zo a kan lokaci, kuma ya hau kan kowa daidai. A nan ko ɗaya cikin ukun ban gani ba. Me kuka ce?

Ɗan Gulbi:
Wa alaikumus salam Mushe. Tsaya in fahimta. Wato ni da nake zaune a Ali Ɗan Sofo ina kallon balo, in na ga an taɓa ƙwallo da hannu sai in aika wa arbit saƙo, gobe ya dawo ya ba da penalti? Wannan ai ba wasa ba ne kuma.

Mushe na Zariya:
Haka abin yake a da, ƙanena, kuma an daɗe ana yi. A 1987 Craig Stadler ƙwallonsa ta shige ƙarƙashin wata bishiya a filin Torrey Pines, sai ya durƙusa zai buga, ya shimfiɗa tawul don kada wandonsa ya ɓaci. Masu kallo a gida suka kira, aka ce ya gyara wa kansa wurin tsayuwa, aka kore shi daga gasar da zai gama a na biyu.

Kawu Mai Jaka:
Mushe, na karanta duka, kuma ina ganin girmanka, amma ban bi ka ba. Ni na ɗauki jakar ƴan golf a Kano da ƙuruciyata kafin in dawo gida in kama kasuwa, na san wasan nan da kafaɗata. Abin da ya raba shi da balo shi ne babu arbit a bayan kowane ɗan wasa. Fili ne faɗi, mutum shina cikin ciyawa shi kaɗai da mai jakarsa. In ba a tsananta doka ba, mi zai hana kowa ya tura ƙwallonsa da ƙafa? Ka ce gaɓar yatsa. To ai gaɓar yatsa ita ce wasan. In akwai ɗan gurbi gaban ƙwallonka ka matsar da ita gefe, ka canza bugun gaba ɗaya. Mai awon gero in ya rage ɗan kaɗan a kowace tiya, a buhu nawa ya rage?

Kun taɓa jin Bobby Jones? A gasar US Open ta 1925 ƙwallonsa ta motsa a cikin ciyawa, ba wanda ya gani, shi da bakinsa ya ce a ƙara masa bugu ɗaya. Wannan bugun ya kai shi raba gardama, Willie Macfarlane ya cinye shi. Har yau ana kiran sunansa da girma saboda wannan. A kan irin wannan tarbiyya aka gina wasan.

Maman Hauwa:
Kawu, Allah ya ƙara girma. Jones shi ya ga abinsa da idonsa ya faɗa. Laifi nawa ne ba wanda zai iya gani da ido? A 2016, gasar US Open ta mata, ana cikin raba gardama tsakanin Anna Nordqvist ta Suwidin da Brittany Lang. Sandar Anna ta taɓa rairayi a cikin ramin yashi, ƴan ƙwayoyi ne kawai suka motsa, sai da aka matso da hoton aka rage masa gudu kafin a gani. Bugu biyu, gasa ta tafi. Ita kanta ba ta ji ba. Ta yaya za a ce mutum ya tona wa kansa abin da bai san ya faru ba? Kuma abin da ya fi ƙona mini rai, kamara ba ta bin kowa. Wadda ke kan gaba ita ake haskawa daga kowace kusurwa, wadda ke can baya ko da ta motsa yashi cikin tafin hannu ba mai gani. Ashe ke nan zama gwana shi ne laifin.

Kawu Mai Jaka:
Wannan na kamara gaskiyarki, ɗiyata. Ban da ta cewa a kai.

Tsohon Arbit:
Ni na hura usur a wasannin unguwa shekaru da yawa, don haka wurin da Mushe ya ce hukunci ya zo kan lokaci nan na tsaya. Arbit zai iya kuskure, amma babu abin da ya fi muni irin ya bar ƴan wasa cikin duhu. Ku dubi abin da aka yi wa Dustin Johnson a Oakmont, US Open ta 2016, rana ta ƙarshe. A rami na 5 ƙwallonsa ta ɗan motsa yana shirin bugawa, ya kira alƙali, ya ce ba shi ya motsa ta ba, alƙali ya ce ci gaba babu komai. Sai da ya kai rami na 12 wasu manya suka zo suka ce masa mai yiwuwa a ci shi tara, amma sai an gama za a yanke. Ku ji fa. Shi bai san makinsa ba, masu binsa ba su san tazarar da ke tsakaninsu da shi ba, a haka aka buga sauran ramukan. An gama aka ƙara masa bugu ɗaya, Allah ya taimake shi ya ci da ratar uku. Da ratar ɗaya ce fa? A filin kokowa na Kantu in aka ce wa ƴan kallo ku je gida gobe za mu faɗa muku wa ya kayar, wa zai iya tsayar da mutane?

Ɗan Gulbi:
Baba Arbit, ba shi ne wanda aka ce ya taɓa yashi a wata gasa ba?

Tsohon Arbit:
Shi ne, a 2010, gasar PGA a Whistling Straits. Rami na ƙarshe, ƙwallonsa ta faɗa inda ƴan kallo suka tattake duk yini, ya ɗora sandarsa a ƙasa bai san wurin ana lissafa shi ramin yashi ba. Bugu biyu, ya rasa shiga raba gardamar da Martin Kaymer ya ci. Amma wannan ban ɗora wa alƙalai ba, domin an manna sanarwa a ɗakin canza kaya cewa duk yashin filin haka za a ɗauke shi. Bai karanta ba. Sai dai ina tambaya, wurin da ake hukunta ɗan wasa a kansa, me ya sa aka bar jama'a suna tsaye a ciki?

Mushe na Zariya:
Kawu, ban ce a sassauta wa mai ha'inci ba. Bari in kawo wanda ya fi taɓa ni, don ni mai cika takardun maki ne. Gasar Masters ta 1968, Roberto De Vicenzo na Ajantina, a ranar da ya cika shekara 45 da haihuwa. A wasan nan abokin tafiyarka ne ke rubuta makinka, kai kuma ka duba ka sa hannu. A rami na 17 ya yi bugu 3, duniya duka ta gani, amma Tommy Aaron ya rubuta 4. De Vicenzo ya sa hannu bai lura ba. Doka ta ce in ka sa hannu kan abin da ya fi naka yawa, ya zauna, in ya gaza naka kuma an kore ka. Sai 65 ɗinsa ta koma 66, Bob Goalby ya ɗauki gasar da bugu ɗaya, ba a ma je raba gardama ba. Wace riba ya nema? Kansa ya cuta, ba wani ba.

Abin ya tuna mini wata ɗalibata. Yarinya mai ƙoƙari, kullum ita ce ta farko ko ta biyu. Da jarrabawa ta zo aka ga sunan mahaifinta a takardar haihuwa ya bambanta da na takardar kira da harafi ɗaya. Ba ita ta rubuta ko ɗaya ba. Na bi ofis-ofis da kaina kwana biyu a kan kabu-kabu, kowa ya san ita ce, kowa ya ce doka ce. Ranar jarrabawa tana tsaye bakin ƙofa riƙe da bironta biyu da ta saya sababbi, ƴan ajinsu suna shiga. Shekara guda ta rasa. Tun daga ranar nake tsoron duk dokar da ta fifita takarda a kan abin da ido ya gani.

Maman Hauwa:
Allah sarki. Ta sake zama daga baya, Mushe?

Mushe na Zariya:
Ta sake, Hajiya, kuma ta ci. Amma shekarar ba ta dawo ba.

Malam na Limanci:
Na yi shiru ina karantawa don wasan ban san shi ba, amma maganar adalci ta kowa ce. Abu biyu kuke haɗawa. Na farko niyya. Mun sani ayyuka suna tare da niyya, amma a shari'a kuskure ba ya ɗauke komai da komai. Wanda ya ɓata kayan wani bisa kuskure ba shi da zunubi, amma zai biya. Kisan kuskure ma akwai diyya, sai dai ba a yi masa hukuncin na ganganci. To in na fahimta, a ci mai kuskure tara ba zalunci ba ne, zaluncin shi ne a daidaita shi da mai ganganci, ko a ɗora masa biyan abin da bai ɓata ba. Na biyu ya fi nauyi, shi ne bambanta mutane. Hadisin matar nan ta Banu Makhzum da ta yi sata ya ishe mu: abin da ya halaka mutanen da shi ne in babba ya yi sata su ƙyale shi, in mai rauni ya yi su tsayar masa da haddi. Shin a wasan naku akwai wannan?

Ɗalibar Jami'a:
Malam, akwai gasa ɗaya da kullum ake kawowa a kan wannan, Masters ta 2013, kuma abu biyun a rana ɗaya suka faru. Akwai yaro ɗan Sin, Guan Tianlang, shekararsa 14. An ci shi tarar bugu ɗaya saboda jinkirin wasa, saura kaɗan ta hana shi kaiwa kwana biyun ƙarshe. A wannan rana Tiger Woods, babban tauraron wasan, ya buga a rami na 15, ƙwallo ta daki sandar tuta ta koma ruwa. Da zai ajiye wata sai ya ja baya da kamar taku biyu daga inda ya buga, shi da kansa ya faɗa wa ƴan jarida bayan wasa. Ya riga ya sa hannu a kan 71. A dokar lokacin, sa hannu kan makin da ya gaza na gaskiya kora ce. Ba a kore shi ba, aka ƙara masa bugu biyu ya ci gaba.

Amma don a yi wa kowa adalci, kwamitin gasar ya ce ya duba hoton tun Tiger yana fili, ya ga kamar babu laifi, bai kira shi ba kafin ya sa hannu, saboda haka kuskuren nasu ne, kuma doka ta ba su ikon ɗage kora a irin wannan hali.

Ɗan Gulbi:
Yaya, in da yaron ne ya ajiye ƙwallon haka, kina ganin za a nemo masa wannan ƙofar?

Ɗalibar Jami'a:
Zuciyata ta fi karkata ga ba za a nemo ba. Abin da ya sa na ce haka shi ne maganar jinkirin kanta. A gasannin yau da kullum na PGA Tour, ƙungiyar da ke shirya wasannin ƙwararru maza a Amurka, daga 1995 da aka ci Glen Day tarar bugu saboda jinkiri, ba a sake yi wa kowa ba sai 2017. Shekara 22 manya suna ɓata lokaci yadda suke so, sai dai tarar kuɗi wadda ba ta yi musu ciwo. Masters ba PGA Tour ke shirya ta ba, gaskiya ne, amma ƴan wasan ai su ne dai. Sai a kan yaro ɗan 14 agogo ya yi aiki.

Kawu Mai Jaka:
To ga inda ni da ku muka haɗu. Dokar ba ita ce ta yi laifi a nan ba, masu riƙe da ita ne. A 1999 a Phoenix ƙwallon Tiger ta tsaya bayan wani ƙaton dutse, alƙali ya ce dutsen ba a kafe yake ba, ana iya kawar da shi, ƴan kallo suka taru suka mirgina masa. Doka ta yarda. Amma wanda ba shi da jama'a a bayansa wa zai mirgina masa?

Kuma kun manta da mu masu jaka. A 2001, gasar Open a Royal Lytham, Ian Woosnam shina cikin na gaba ranar ƙarshe. Sanda 14 doka ta yarda a jaka. A rami na biyu mai jakarsa ya duba ya ga 15, ya faɗa masa da bakinsa. Bugu biyu. Sandar ko taɓa ta bai yi ba. Mushe zai ce wace riba ya ci. Ni kuwa na ce ƙirga sanda shi ne aikin farko da ake koya wa yaro. Ni kafin mu bar inuwa sai na bi kawunansu da yatsa ɗaya-ɗaya, sau biyu, in na ɗaga jakar ma nauyinta kaɗai shina gaya mani in an ƙara wani abu. Dokar da kowa zai iya kiyayewa da ƙirga, ban ga zalunci a cikinta ba.

Mushe na Zariya:
Wannan na karɓa, Kawu. Sanda 14 doka ce bayyananna, ana ganinta kafin a fara, kuma an hukunta shi nan take. Ba irin ta Lexi ba ce.

Ɗalibar Jami'a:
Ya kamata a faɗa cewa masu dokar sun gyara da yawa. Hukuma biyu ce ke riƙe da ita, R&A da ke St Andrews a Sikotland da USGA ta Amurka. Bayan abin Oakmont, daga 2017 aka ba da damar cire tara in ƙwallo ta motsa bisa kuskure a shimfiɗar bakin rami. Makonni kaɗan bayan na Lexi aka ce abin da ido ba zai iya gani ba sai da kamara, ba a hukunci da shi. Daga farkon 2018 aka daina karɓar ƙorafin masu kallon tele, aka kuma cire ƙarin bugu biyu na katin maki ga wanda bai san ya yi laifi ba. A 2019 aka sake rubuta littafin, dokoki 34 suka koma 24, neman ƙwallon da ta ɓace ya koma minti 3 maimakon 5.

Maman Hauwa:
Kin ga abin da nake faɗa ke nan. Kowace gyara sai da aka fara karya wani. In dokar daidai take, me ya sa aka canza ta bayan makonni? In kuma ba daidai take ba, wa zai mayar wa Lexi da Anna kofinsu? Sababbin ma ba su tsira ba. A watan Janairun 2019 a Dubai, Li Haotong ɗan Sin yana rami na ƙarshe, aka ce mai jakarsa ya tsaya a bayansa lokacin da ya fara gyara tsayuwa, bugu biyu, daga na uku ya faɗo na 12. Bayan ƴan kwanaki aka sake fassara dokar.

Tsohon Arbit:
Katin maki ma har yanzu yana cin mutane. A 2024 aka kori Jordan Spieth daga gasar Genesis don ya sa hannu kan 3 a ramin da ya yi 4, a zamanin da kowane bugu kwamfuta na rubuta shi ana yi. Bayan nan PGA Tour ta ba da minti 15 na komawa a gyara.

Kawu Mai Jaka:
Minti 15 ya yi. Amma kada a cire sa hannun. Mutum ya tsaya a kan abin da ya buga da hannunsa, ba na'ura ba.

Mushe na Zariya:
A bar sa hannun, Kawu, ban ƙi ba. Abin da nake nema shi ne in lissafi ya karkace alhali kowa ya ga bugun, a gyara lissafin, ko a ci tarar kuɗi, kada a ƙwace gasar. De Vicenzo bugu 3 ya yi a rami na 17. Ko sau nawa aka karanta mini dokar, 3 na gani.

Malam na Limanci:
Mushe, tambaya ɗaya gare ka kafin in tashi. Shi Goalby da aka ba gasar, shi ma bai yi laifi ba. In da an gyara katin, me za a ce masa?

Mushe na Zariya:
Za a ce masa ya dawo washegari da safe su buga rami 18 su biyu, Malam, kamar yadda tsarin raba gardamar Masters yake a wancan lokaci. Mai yiwuwa ma shi zai ci, kuma da ya ci ba wanda zai ƙara tuna masa da katin wani.